Yadda Ake Nuna Wasan Ƙwallon Gorar Ƙanƙara na Jami'o'in Amurka a Gidan Kallo na Ƙauye

Mai gidan kallo a ƙauyukan Ringim, Gumel ko Bichi ya san cewa akwai dararen da babu Firimiya kuma babu gasar Zakarun Turai, sai benci ya zauna babu kowa. Irin wannan dare ne ya dace a gwada wa jama'a ƙwallon gorar ƙanƙara, musamman karawar jami'o'in Amurka biyu da suka daɗe suna hamayya. Sai dai wasan yana da sauri ƙwarai, kuma idan aka kunna shi ba tare da shiri ba, kafin minti goma masu kallo za su ce ba su ga komai ba, su watse.

Aikin farko shi ne zaɓen wasa, kuma a nan ne akasari ake yin kuskure. Kada girman taro ya ruɗe ka. A watan Disamba na 2010 Jami'ar Michigan ta kara da Michigan State a gaban mutane sama da 100,000, amma an tashi 5 da nema, wato wasa ne na gefe ɗaya. Karawar da jami'o'in biyu suka yi a watan Oktoba na 2001, a gaban mutane sama da 74,000, ita ce ta ƙare 3 da 3, kuma ta fi dacewa da baƙon ido. Akwai kuma gasar Beanpot da ake yi a birnin Boston tun 1952, a ranakun Litinin biyu na farkon Fabrairu, tsakanin Boston University, Boston College, Harvard da Northeastern. Biyun farko suna kan titi ɗaya, abin da ya sa gabarsu ta yi tsami. A nawa ganin, wasan da ya fi kyau a fara da shi shi ne na kusa da na ƙarshe a gasar ƙasa ta 2014, wanda aka buga a Philadelphia tsakanin Minnesota da North Dakota, jihohi biyu masu maƙwabtaka.

Batun kallo kai tsaye kuwa, gara a haƙura da shi. A lokacin hunturu Najeriya tana gaban Boston da awa shida, don haka wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a can zai kama ƙarfe 1 na dare a nan, lokacin da babu magidancin da zai bar ɗansa a waje. Abin da ya fi shi ne a nemi cikakken wasan da aka riga aka buga, a sauke shi a waya ko kwamfuta ranar da aka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, sannan a haɗa da talabijin bayan sallar isha'i. Kada a rage ingancin hoton don tsimin data, domin abin da ake bugawa ƙarami ne, kuma a hoto mai dishi-dishi ɓacewa yake yi gaba ɗaya.

Kafin a kunna, mai gida ya tsaya ya yi wa jama'a bayani na minti biyar kacal. Ana wasan ne a kan daskararren fili mai tsawon kusan mita 61 da faɗin mita 26, wanda aka kewaye da katanga. 'Yan wasa suna sanye da takalma masu ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulɓi da su, kowanne riƙe da sandar da yake bugu da ita. Abin bugawar ba ƙwallo ba ne, baƙin faifai ne na roba mai tauri, girmansa kamar murfin gwangwanin madara, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Kowane ɓangare yana da mutum shida har da gola. Ana buga zango uku na minti 20 kowanne, kuma agogo yana tsayawa duk sa'ad da alƙali ya busa, saboda haka babu wani ƙarin mintunan ɓata lokaci. Za a ga 'yan wasa suna tsallake katanga suna shiga da fita alhali ana cikin wasa. Wannan halal ne, domin gudun yana gajiyarwa har ba a cika yin minti ɗaya ba tare da canji ba. Satar gida kuma tana da sauƙin ganewa a nan: ba a yarda mai kai hari ya riga faifan tsallake shuɗin layin abokan hamayya ba.

Yanzu ga jigon al'amarin. A hana mutane bin faifan da ido. Ko 'yan Amurkan da suka tashi da wasan ba koyaushe suke ganinsa ba. Abin da suke kallo shi ne inda kawunan 'yan wasa suka juya da inda jikinsu ya karkata. Abu biyu ne baƙo zai sa wa ido, wato yawan 'yan wasan da ke fili da kuma agogon da ke kusurwar allo.

Dalilin ƙirga 'yan wasa shi ne tsarin hukunci. Wanda ya sa wa wani sanda a ƙafa, ko ya riƙe shi, ko ya ɗaga sanda ta taɓa fuska, ana fitar da shi ya zauna a wani keɓaɓɓen benci na minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar, ban da gololi. Idan aka ci su a cikin wannan lokaci, sai ya dawo nan take. Babban laifi minti biyar ne cur, ko da an ci sau nawa. A wasan da ƙarfi ya zo ɗaya, waɗannan mintuna ne sukan raba gardama, don haka da zarar alƙali ya ɗaga hannu, mai gida ya sanar da jama'a cewa an shiga lokacin haɗari. Masu rinjaye za su kewaye raga suna miƙa wa juna faifan, masu ƙarancin mutum kuma su cure a gaban golansu, wani ma ya kwanta ya tare bugu da jikinsa. Ya kamata a faɗa wa matasa tun da wuri cewa bangaza da kafaɗa ba laifi ba ne, amma dambe a wasan jami'o'i kora ce daga fili tare da dakatarwa a wasa na gaba. Wanda ya zo kallon faɗa ya yi ɓatan kai.

Agogo kuma yana da muhimmanci a minti biyun ƙarshe. Ƙungiyar da ake ci da ɗaya takan cire golanta ta sa ƙarin ɗan gaba, ta bar raga a buɗe. Masu kallon ƙwallon ƙafa za su ɗauka hauka ne, alhali lissafi ne mai kyau: shan kashi da ci biyu da shan kashi da ci ɗaya duk faɗuwa ce.

Wasan 2014 ɗin ya haɗa darussan biyu, kuma wannan bayani na mai gida ne kaɗai, kada ya fallasa. An yi zango biyu babu ci. A zango na uku Minnesota ta ci, North Dakota ta farke ba da jimawa ba. Daf da tashi aka hukunta ɗan Minnesota, kowa ya ɗauka North Dakota ce za ta yi nasara ko a tafi ƙarin lokaci, sai ga ɗan bayan Minnesota Justin Holl, wanda bai ci ko ɗaya ba a duk kakar, ya jefa faifan a raga saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, aka tashi 2 da 1. Domin armashi, a raba masu kallo gida biyu tun farko, kowane ɓangare ya ɗauki jami'a ɗaya, a kuma roƙi masu manyan wayoyi kada su bincika sakamakon.

Saura maganar wuta. Cikakken wasa da hutunsa yana kaiwa kusan awa biyu da rabi, amma idan aka tsallake hutun da ake gyara ƙanƙara da mota, za a rage kusan rabin awa. A wasannin sili ɗaya ƙwale na gasar ƙasa, idan aka tashi kunnen doki, ana ƙara zango na minti 20 kuma wanda ya fara ci shi ne ya yi nasara, in ba a ci ba a sake ƙarawa. Don haka mai gida ya duba tsawon bidiyon tun da rana, ya auna man janareta ko cajin batirin sola daidai da shi, har da ɗan rara.