Batirin zuciya da balon yamma: kurakuran da na gaji da gani

Na gaji da ganin mutum ya dawo daga Yamai da batirin zuciya a ƙirji, wato 'yar na'urar da ake dasawa don daidaita bugun zuciya, ɗinki ko bushewa bai yi ba, ya ɗaura takalmi ya nufi fili. Ni ma haka na yi, shi ya sa nake da bakin magana.

Babban kuskure gaggawa ce. Batirin yana kwance ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, kuma siraran wayoyi ne ke bi ta jijiyar jini su shiga zuciya. Kafin nama ya kama bakin wayar ya riƙe, sai an yi sati 4 zuwa 6. Likita ya ce kar in ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa. A sati na uku na ji ƙarfi, na shiga balon yamma a unguwarmu ta Zariya a nan Maraɗi, wai motsa jini kawai. Balo ta fita, na ɗauka da hannu biyu na wurga ta bisa kai. Jifa ɗaya tak! Da dare sai jiri, ga shaƙuwa ta ƙi tsayawa. Waya ta goce. Na sake cin tafiyar sama da kilomita 600, aka sake buɗe wurin, kuɗin ragon layya suka tafi. Uwargida har yau ba ta daina yi mini gori ba.

Na biyu, tare balo da ƙirji. Ƙafar da ta saba tun ƙuruciya tana iya jin magana, amma ƙirji shi kaɗai yake miƙa kansa. Sai kuma masu ba da shawarar banza: "Alhaji, koma gida ka tsare mana, can babu gudu." Haba jama'a! Mai tsaron gida shi ake auna wa bugu mai ƙarfi, shi ke miƙa hannu har ƙarshe, shi ke faɗuwa kan kafaɗa. Ni yanzu gefe nake bugawa, da sa'o'ina kawai, ban da samari masu gwiwar hannu kamar taɓarya. Balo ta taso sama in bar ta ta wuce, a yi mini dariya. Na sa tela ya ɗinka mini soso cikin singileti daidai wurin, amma soso ba sulke ba ne. Kokowa da dambe kuwa, kallo ya ishe ka a filin Kantu.

Salula ba ta zama a aljihun gaba, a bar santimita 15 tsakaninta da batirin, a kuma kara ta a ɗaya kunnen. Kar ka rungumi sifikar da ake kawowa fili, akwai maganaɗisu a ciki. Daina murza wurin da yatsa kana hira a fada, wayar batirin na iya nannaɗewa. Wasu kuma tsoro ke sa su ƙi motsa hannun sam, kafaɗa ta sandare.

A zafin watan Afrilu ba na fita sai bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa da katin batirin a jaka. In wurin ya kumbura, ya yi ja, ko zazzaɓi ya zo, asibiti kai tsaye, kar a shafa masa man zafi.