Kurakuran da sababbin ma'aikatan jinya ke yi kan tsiron hanji na gado

Duk ayarin ɗaliban da aka turo mana ɗakin tiyata sai sun maimaita kurakurai iri ɗaya, har bakina ya gaji da gyara. Ga su a rubuce.

Mafi muni shi ne kiran kowane jini a bayan gida basir. Wannan sakacin ne ya raba ni da ɗan yayata. Yaro ya yi shekaru yana yawo tsakanin kemis da masu sassaƙe, kowa basir yake ce masa, babu wanda ya tambaye shi me ya kashe mahaifinsa yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ranar da aka zura masa kyamara, wato kolonoskofi, an tarar da tsiro ɗaruruwa a babban hanji, ɗaya ya riga ya zama ciwon daji. Cutar FAP ce, wato cutar gado mai tara tsiro da yawa a babban hanji. Tana zuwa ne daga tangarɗa a ƙwayar gado mai suna APC, tsiron yakan fara tun ana samartaka, kuma idan ba a cire hanjin ba kusan kowa sai ya kamu da daji wajen shekara 40. Kowane ɗa na mai cutar yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ya gaje ta, shi ya sa ake fara duba yara tun suna shekara 10 zuwa 12. Ni dai ɗabi'ata, ba na barin mai zubar jini ya tashi sai na zana danginsa a takarda har kakanni. Ku kuwa sai ku rubuta basir ku ce na gaba! Wa ya koya muku haka?

Kada kuma ku saki jiki don iyaye lafiyarsu ƙalau. Wani lokaci FAP takan fara daga kan mutum shi kaɗai. Nau'in da ke zuwa daga wata ƙwayar gado mai suna MUTYH kuma sai an gado daga uwa da uba duka, don haka ku tambayi ko auren zumunci ne.

Na biyu da ke ƙona mini rai: gaya wa majinyaci an cire hanji, ya warke. Wace tiyata aka yi? Idan an bar ƙarshen hanjin aka haɗa shi da ƙarami, wurin zai ci gaba da fitar da tsiro, dole a riƙa leƙawa aƙalla shekara-shekara. Ko an cire duka an ɗinka masa jaka daga ƙaramin hanji, bakin ƙaramin hanjin da ke bin tumbi yana nan, shi ma yana tsirowa. Ku karanta takardar likitan tiyata kafin ku buɗe baki.

Iliyostomi ba kolostomi ba ce, ko da yake duka biyun ƙofa ce da ake buɗe wa hanji a fatar ciki don bayan gida ya fita. Ta biyu daga babban hanji take, ta farko kuwa daga ƙaramin hanji, galibi a dama, tana zubar da ruwa da gishirin jiki sosai, mai ita ya ga likita kafin ya ɗauki azumi.

Cutar Lynch, wata cutar gado mai kawo dajin hanji, ba ta cika tara tsiro ba, amma ku tambayi dajin mahaifa a dangi. Baƙaƙen ɗigo a leɓen yaro mai yawan murɗar ciki kuwa, ku tura shi a duba ko Peutz-Jeghers ce, wata cutar gado mai fitar da tsiro a hanji.