Yadda Ake Shuka Tumfafiya da Cin Amfaninta

Tumfafiya ba ta son lele. Yawancin wadda ta mutu bayan an shuka ta, yawan ban ruwa ne ko dashe ya kashe ta.

A tsinki kwanson da ya fara tsagewa da kansa. Kore shar ɗin nan ƙwayarsa ba ta ƙosa ba. A raba ƙwayar da audugar, a shanya a inuwa kwana 2 ko 3. A nemi jigawa ko tsakuwa inda rana ke dukan wurin tun safe, ruwa kuma ba ya kwanciya. A binne ƙwaya 3 a rami, zurfin santimita 1, tazarar mita 2 tsakanin ramuka. Cikin mako 2 za ta tsiro, sai a bar mai ƙarfi ɗaya.

A shuka ta inda za ta zauna din-din-din, domin saiwarta doguwa ce, ƙasa take nutsawa miƙe, idan ta karye wajen dashe da wuya ta farfaɗo. Ruwa sau ɗaya a mako ya wadatar a watanni 2 na farko, daga nan a ƙyale ta. Ganye ya yi rawaya, gindi ya yi laushi? Saiwa ce ke ruɓewa, a tsayar da ruwa. Galibi sai shekara ta 2 take fure, fari mai bakin shunayya.

Ɓawon reshen da ya ƙosa yana ba da zare mai ƙwari: a saɓule shi, a kankare, a busar, a tufka igiya. Audugar kwanson kuwa ta dace da cusa matashin kai, amma santsinta da gajartarta sun sa ba ta kaɗuwa sai an gauraya da auduga.

Inda ake sakaci shi ne nononta. Guba ne mai taɓa zuciya, kada a sha, kada a bar yara su yi wasa da shi. Ɗigo ɗaya a ido yana dusashe gani na kwanaki, sau da yawa ba tare da zafi sosai ba, shi ya sa ake raina shi. A sa safar hannu da tabarau kafin yanka. Idan ya fantsama, a wanke ido da ruwa mai tsabta minti 15 a tafi asibiti.

Kusa da gona, a cire kwansuna kafin su fashe, don iska na kwasar ƙwayar ta watsa ko'ina, kuma sare ta daga sama ba ya hana ta toho.