Kafin a Kai wa Mai Ƙosai: Yadda Ake Gane Darajar Tsofaffin Komik

Da aka gama sadakar arba'in ta kawuna a Kaduna, ina shirin fita tasha sai matarsa ta kira ni ɗaki. Ta nuna min wata adaka a ƙarƙashin gado ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai son takardu. Duba ka ɗauki na ɗauka, sauran mai ƙosai ta daɗe tana roƙona." Na ce, "To Inna, bari in gani." Ina buɗewa sai ga komik, wato littattafan nan na labari cikin zane, sun fi ɗari, tun na lokacin da marigayin yake saurayi yana aiki a masaƙa.

Na kwaso su na kawo gida. A makon nan na tafka ɓarnar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na sayo salatif na lilliƙe duk bangon da ya yage, waɗanda suka nannaɗe kuma na bi su da dutsen guga. A ganina gyara nake yi. Sai daga baya, da na shiga karanta yadda masu wannan harka suke yi a Amurka, na gane cewa da hannuna na zubar da ɗan abin da suka rage da shi. Don haka abu na farko, tun kafin komai: kada ka gyara. Kada ka liƙa, kada ka goge, kada ka datse gefe da reza don ya yi kyau, kada ka kai a yi musu leda irin ta satifiket. Wanke hannunka, ka busar, ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin zai fi fitowa in ka ji labarin Edgar Church, domin da taskarsa ake auna duk wata taskar komik a duniya.

Church mutumin birnin Denver ne a jihar Colorado, an haife shi a 1888. Sana'arsa zanen tallace-tallace, ya daɗe yana yi wa kamfanin tarho zanen da ake sawa a kundin lambobin waya. Daga wajen 1937 zuwa cikin shekarun 1950 ya riƙa sayen kusan duk komik ɗin da ya fito kasuwa. Lokacin da ya fara ya kusa shekara hamsin, kuma abin da ya kai shi shi ne neman samfurin zane don aikinsa. Wannan ne ya bambanta shi da yaran da ake bugawa dominsu. Yaro zai naɗe komik ya cusa a aljihu, ya ba aboki aro, ya yanke hoton da ya burge shi. Church kuwa sai ya duba ya ɗora a kan 'yan'uwansa, a wani ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin gidansa, tari a kan tari.

A 1977, tsufa ya ci ƙarfinsa, iyalinsa suna son kwashe kayan gidan, suka kira wani matashi mai shagon komik, Chuck Rozanski, wanda shekarunsa ba su wuce ashirin da ɗaya ba. Abin da ya tarar ya kai tsakanin kwafi 18,000 zuwa 22,000, mafi yawansu kamar jiya aka ɗauko su daga kanti. Kuɗin da ake yawan cewa ya biya bai kai dala 2,000 ba. Church ya rasu a 1978. Ana kiran taskar da sunansa, ana kuma kiranta Mile High, sunan shagon Rozanski kuma laƙabin Denver, garin da ke bisa tudu mai tsayin mita 1,600 daga teku. Kwafin Action Comics lamba 1, wato komik ɗin da Superman ya fara fitowa a ciki, da ke cikinta, masana da yawa suna ganin babu kamarsa a duniya.

Me ya kiyaye su shekara arba'in? Duhu, sanyi, busasshiyar iskar Denver, da nauyin tarin da ya matse su ya hana iska shiga tsakanin shafuka. Takardar komik irin ta jarida ce, mafi arha, tana da sinadarin da ke cin ta a hankali, ta koma ruwan ƙasa, ta fara karyewa kamar busasshen ganye. Zafi da haske da laima su ne ke hanzarta wannan. Riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Bayan ka hana hannunka gyara, sai ka gane abin da ke gabanka. Ɗauki littafin rubutu, ka rubuta sunan kowane komik, lambarsa, da shekararsa. Shekarar ba kasafai take kan bango ba. Duba ƙasan shafin farko ko bayan bango daga ciki, akwai wasu ƙananan rubutu da ke faɗin kamfani, wata da shekara. Farashin da ke kan bango ma yana ba da labari. Na Amurka masu santi 10 yawanci kafin 1962 ne, masu santi 12 daga nan zuwa 1969, sai 15 ya biyo baya. In ka ga ɗan farin hatimi mai kama da kan sarki a kusurwar sama, na hukumar tace komik ne, wanda ya fara bayyana bayan 1954. In kuma akwai zanen layukan nan da ake haskawa a kanti, to daga tsakiyar shekarun 1970 ne zuwa gaba. Wasu daga cikin na kawuna farashin Ingila ne a jiki, 9d, wato kwabo tara, ko sule ɗaya, alamar ta can suka biyo.

A nan ne mutane suke yaudarar kansu. Wani zai ga Superman ya ɗaga koriyar mota a bango, ya ga lamba 1, ya fara lissafin gida a Abuja. An sake buga wannan komik ɗin, wato Action Comics lamba 1, sau da yawa. A 1974 an fitar da wani bugu mai kama da na asali sak, sai dai ya fi shi girma sosai, kuma in an cire bangonsa na waje sai ya ruɗi wanda bai sani ba. Na asali ya fito ne da kwanan watan Yuni 1938, an buga kusan 200,000, waɗanda aka san sun rage kuwa ba su wuce ɗari ko makamancin haka ba. Yaƙin duniya na biyu ya ci da yawa, domin an yi ta gangamin tara tsofaffin takardu a Amurka don a sake sarrafa su, iyaye mata kuma suka zubar da saura.

Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Abin da ake nema shi ne fitowar da wani abu ya fara faruwa a cikinta. Action Comics lamba 1 ita ce farkon Superman. Detective Comics lamba 27 ta 1939 farkon Batman. Amazing Fantasy lamba 15 ta 1962 farkon Spider-Man, an sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 3.6 a 2021. The Incredible Hulk lamba 181 ta 1974 ita ce Wolverine ya fara fitowa sosai, kuma tana da tarko: akwai wani ɗan tambari a ciki da yara suke yankewa su tara, kwafin da aka yanke wa shi darajarsa ta faɗi ƙasa warwas. Saboda haka ƙirga shafuka, ka duba ko an yanke wani abu, musamman shafin tsakiya da ke saurin ficewa. Na farkon shekarun 1990 kuwa kada ka sa rai. X-Men lamba 1 ta 1991 an buga ta sama da miliyan takwas, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran ta yi tsada, shi ya sa ba ta yi ba.

Sai maganar lafiyar kwafin, wadda ita ce uwa uba. Tun shekarar 2000 akwai kamfanin CGC a jihar Florida da ake aika wa komik, su duba su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi a cikin akwatin roba mai gani-har-hanji. Suna duba kaifin kusurwa, karaya a gadon baya, tsatsar ƙusoshin da suka riƙe shi, da launin takarda, daga fara tas zuwa mai karyewa. Wanda ba a taɓa ba ana sa masa shuɗin tambari. Wanda aka yi wa gyara, ko ɗigon fenti ne ko gam, sai a sa masa na shunayya, masu saye kuma suna gudunsa. Salatif ɗina ba a ma lissafa shi gyara, lahani ne kawai, gam ɗinsa kuma yana ratsa takarda ya bar tabo mai maiƙo.

Ga yadda maki yake juya kuɗi. A 2013 wani mai gyaran gidaje a jihar Minnesota ya tsinci Action Comics lamba 1 a cikin bangon wani tsohon gida, an cusa ta tare da jaridu don tare sanyi. Cikin murna gardama ta kaure tsakaninsa da wata 'yar'uwar matarsa, aka fizga, bangon baya ya yage. An ba ta maki 1.5, aka sayar dala 175,000, masu gwanjon suka ce yagewar nan ta ci kusan dala 75,000. Kwafi mai maki 9.0 an sayar da shi dala miliyan 3.2 a kasuwar intanet ta eBay a 2014. Wani mai 8.5 ya kai dala miliyan 6 a gwanjon kamfanin Heritage a 2024. Labari ɗaya ne a cikinsu duka, zane ɗaya, santi 10 aka sayi kowanne.

Abin da na fi so ka ɗauka daga Church shi ne tarihi. Masu wannan harka suna girmama taskar da mutum ɗaya ya saya da hannunsa tun tana sabuwa, ya ajiye, aka kuma san sunansa. Kwafin da aka tabbatar daga ɗakin Church ya fito yakan fi takwaransa mai maki iri ɗaya tsada, wani lokaci ninki. Ana gane su da jerin sunayen da aka rubuta bayan an saye su, da kuma 'yan lambobi da haruffan da dillalin jaridu ya rubuta da fensir a bangon da yawa daga ciki. Wato rubutun da wani mai tsafta zai sa abin gogewa ya share, shi ne shaidar. In ka ga suna ko kwanan wata ko hatimin kanti a kan naka, bar shi. Kada kuma ka rarraba taskar kafin ka ɗauki hotonta yadda ka same ta, ka tambayi dattawan gidan wa ya saya, a ina, yaushe, ka rubuta a takarda daban.

Wajen farashi, kada ka dubi abin da mai sayarwa ya yi wa kayansa kuɗi a intanet, kowa na iya rubuta miliyan. Dubi abin da aka riga aka saya. Heritage suna da rumbun tsofaffin gwanjonsu, eBay ma yana nuna cinikin da aka kammala, akwai kuma kundin farashi na Overstreet da ake fitarwa tun 1970. Kwatanta da kwafi mai lahani irin naka, kuma ka rage wa kanka maki, domin mai abu kullum yana ganin nasa ya fi yadda yake. Kada ka sayar wa mutum na farko da ya ce zai kwashe duka. Iyalin Church sun yi haka. Iyalin wani Billy Wright na jihar Virginia kuwa, da suka sami kwafi 345 kacal a kabad bayan rasuwar matarsa, gwanjo suka kai, aka tashi da kusan dala miliyan 3.5 a 2012.

Ajiya a wurinmu sai an dage, don ba mu da sanyin Denver. Bushewar hunturu ba ta da laifi, zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano da laimar damina su ne matsala, ga gara da kyankyaso da ɓera. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, kada akwatin ya taɓa ƙasa ko bango. Kowane kwafi a sa shi a ledarsa da kwali marar sinadari a bayansa, in ka samu. In ba ka samu ba, farar takarda mai kyau tsakanin kwafi da kwafi ta fi babu. Kada ka ɗaure su da roba, tana narkewa ta manne. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, tara su ka zuba a akwatin, ka riƙa canzawa. Duk ƙarshen damina ka buɗe ka duba.

Adakar kawuna ba ta da Superman na 1938, kuma ko ba don ɓarnata ba, na Amurkan da ke ciki ba za su sayi babur ba. Abin da ya tsaya min a rai na ƙasan adakar ne, waɗanda salatif ya ƙare kafin in kai gare su. Akwai African Film, mujallar Lance Spearman da kamfanin Drum ya riƙa fitarwa, wadda hotuna ne na mutane na gaske aka jera aka sa musu magana. Akwai kuma Powerman, wanda aka fara bugawa a 1975 musamman don kasuwar Najeriya, Dave Gibbons da Brian Bolland suka zana shi tun kafin su yi suna a Ingila da Amurka. Irin waɗannan ba kasafai za ka ga an yi cinikinsu ba balle ka kwatanta farashi, kuma mafi yawan 'yan'uwansu an daɗe da ƙunshe tsire da su.

Da sallar da ta wuce na koma Kaduna da littafin rubutuna. Na ce, "Inna, a ina Kawu yake sayen waɗannan?" Ta yi dariya ta ce wajen wani mai jarida ne a bakin tashar jirgin ƙasa, duk ranar da aka yi albashi, kuma sun sha faɗa a kan kuɗin cefane saboda su. Na rubuta yadda ta faɗa, na sa kwanan wata, na ajiye takardar a saman akwatin.