Kafin ka shiga kwale-kwale, ga yadda gida za su san inda kake

Jama'a masu shiga Tafkin Cadi ko kogin Logon, don Allah ku riƙe wannan.

Da farko tun kafin ka sauka bakin ruwa ka zaɓi mutum ɗaya a gida, Inna ko yayanka, ka faɗa masa komai, daga ina zuwa ina, misali Bulanguwa zuwa Darak, kwale-kwalen wa za ka shiga, ku nawa ne ciki, yaushe za ka dawo. Ka ba shi lambar direban jirgin ma.

Sai waya. Ka cika caji, ka sa kiredi, ka ɗaure ta cikin leda biyu ka rataya a wuya, ba aljihun wando ba. Ni dai na fi yarda da ƙaramar waya mai maɓalli, batirinta na kwana biyu bai mutu ba.

Rezo, wato sabis ɗin waya, fa yana yankewa tsakanin tsibirai, kuma kusa da iyakar Kamaru da Cadi layin MTN ko Orange kan ɗauke sai Airtel ko Moov na Cadi ya kama, shi ya sa in da hali ka riƙe sim biyu. Inda ka ga rezo ka tura saƙo nan take, in kana da WhatsApp ka kunna nuna wurinka kai tsaye, yana kaiwa awa 8.

Ku yanke lokaci da mutanen gida, in magariba ta wuce shiru, su kira direba, in bai ɗauka ba su je wurin sarkin ruwa da jandarmomi, kar su jira safiya. Tocila da usur su kasance jikinka saboda hazo.