Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen zaɓen tsarin cikin ƙaramar tirelar yawo

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Duk wanda ya tashi sayen ƙaramar tirela ta yawo, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya a riƙa kwana a cikinta, sai ya kawo min zanen tsarin cikin yana murna wai malam duba wannan, tana kwanar da mutum huɗu ga kicin ga banɗaki, in na duba kuma sai in tarar ramin da na taɓa faɗawa ne shi ma ya nufa. Zanen nan fa daga sama aka yi shi, babu mutum a ciki, babu jaka, babu takalma jibge a bakin ƙofa, to ai dole komai ya yi maka faɗi a ido.

Bari in fara da gado don shi ya fi ƙona min rai. Tirelata ta farko ba ta da gado na dindindin, teburin cin abinci ne da benci biyu, da dare ka sauke teburin ka jera kushin ɗin bencin su zama katifa. Ranar da mai sayarwa ya nuna min cikin minti ɗaya ya haɗa, na ce kai wannan dabara ta yi. Abin da bai faɗa min ba shi ne kullum za ka yi wannan aikin, safe da dare, ka gaji ko ba ka gaji ba. Ka yi tuƙin wuni guda ka iso bayanka na ciwo, kafin ka miƙe sai ka kwashe kofuna da caja da duk tarkacen da ke kan tebur, ka ɗaga benci ka zaro bargo da zanin gado da filo, ka shimfiɗa kana durƙushe saboda ba wurin zagayawa. Sannan mahaɗar kushin ɗin nan daidai ƙugunka take faɗowa, tsakar dare su rabu ka ji ka a kan katako. Da safe ni mai tashi da wuri ne, madam kuma tana son ta ƙara barci, to ina zan zauna? Babu. Teburin ne take kwance a kai. Haka zan tsaya a tsaye bakin ƙofa, in ana ruwa kuwa sai dai in koma mota. Daga ƙarshe muka daina naɗe gadon gaba ɗaya, wato mun sayi tirela mai tebur mun ƙare ba tebur, na sayar da ita da asara ina ji ina gani.

Ni yanzu ko kyauta ba na karɓar tsarin da ba shi da gadon da ke zama gado dare da rana. Akwai masu son irin wanda ake ɗaga shi ya jingina da bango, kujera ta fito a ƙarƙashi, wannan da sauƙi tunda da shimfiɗarsa ake ɗaga shi, amma ni ko shi ban cika so ba.

Kuma don Allah ku riƙa kwanciya a kan gadon kafin ku biya. Ba kunya a ciki, cire takalmi ka hau ka miƙe, ku biyun in ku biyu ne. Yawancin gadon da suke kira kwin (wato babban gadon mutum biyu) a tirela gajere ne, inci 60 da 75, alhali na gida inci 60 da 80 ne, kuma wannan inci biyar ɗin in kai dogo ne ƙafarka za ta ba ka labari. In gadon a gicciye yake daga bango zuwa bango to wanda ya kwana ta ciki sai ya tsallake ɗan'uwansa duk sanda zai shiga bayi da dare, ku yanke shawara tun yanzu waye zai jure.

Wancan adadin na "tana kwanar da mutum kaza" ku manta da shi, har teburin suke ƙirgawa, kuma galibi yaro ne kawai zai iya miƙewa a kai.

Na biyu shi ne wanda ke iya kashe mutum, kuma shi ne wanda ba wanda ke kallo. Ina nauyi yake zama? Mutane suna ganin tsari mai kicin a can baya da manyan durowoyi da ma'aji a ƙarshen tirela sai su ce ga wurin ajiya, ba sa tunanin duk abin da ka loda bayan tayoyi yana ɗage gaban tirelar ne daga kan ƙugiyar mota, wato inda ake maƙala tirelar a bayan mota. Ƙa'idar da ake koyarwa a Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka kan ƙugiya, in ya yi ƙasa da haka sosai sai ta fara kaɗa wutsiya. Ni ya same ni. Na cika ma'ajin baya da janareto da jarkokin ruwa da akwatin kayan gyara saboda nan ne wurin da zanen ya ba ni, ina kan babban titi wata babbar mota ta wuce ni, iskarta ta bugi tirelar, sai kawai na ga bayanta a madubi tana zuwa dama tana zuwa hagu tana jan motar tare da ita, sitiyari ya zama kamar ba a hannuna yake ba. Allah ne ya tsare na ɗaga ƙafa daga totur ban taka birkin mota da ƙarfi ba har ta lafa. Da na tsaya hannuna rawa yake yi.

Saboda haka kafin ka ce fenti ya yi kyau durƙusa ka leƙa ƙasa ka ga ina tankin ruwa yake. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 100 kilo 100 ke nan, in yana bayan tayoyi tirelar da ka ja a cike daban take da wadda za ka ja ba ruwa. Ni abin da nake nema shi ne tanki da firij da babban ma'aji su kasance kan tayoyi ko ɗan gabansu kaɗan. Sannan nauyin da ke cikin takardar talla nauyin tirela ne fanko, ba ruwa ba gas ba kayanka. Akwai lakabi a jikinta da ke nuna iyakar kayan da za ta ɗauka, shi za ka karanta, ka kuma duba nauyin da littafin motarka ya ce za ta iya ja. Haba jama'a, mutum ya kwana yana zaɓen kalar labule amma ya kasa tsayawa minti biyu ya karanta lakabi?

Sauran ƙananan ne amma suna cizo. Tsawon da ake faɗa sau da yawa har da ƙarfen gaba da ake maƙala wa mota ne, misali tirelar kamfanin Scamp mai ƙafa 13 ɗakin cikinta wajen ƙafa 10 ne, to tambayi tsawon ciki. Banɗakin da shawa da masai suke haɗe wuri ɗaya ba laifi ba ne a ƙaramar tirela, ni ma shi na zaɓa don ya bar min fili, sai dai ka shiga ka rufe ƙofa ka zauna ka ga ko gwiwarka na dukan ƙofar, ka kuma yarda za ka riƙa goge shi bayan kowane wanka. In tsarin yana da ɓangaren da ke turowa waje ka sa a mayar da shi ciki a gabanka, ka gwada ko za ka kai firij da bayi a haka, don a hanya a rufe yake, ga ƙarin nauyi ga wurin yoyo. Kicin kuma duba ko akwai inda za ka ajiye faranti in murhu na kunne. Wajen shigar iska, taga biyu masu kallon juna sun fi babba guda ɗaya.

Abin da nake yi yanzu kafin in je ganin kowace tirela, alli nake ɗauka da tef in zana tsarin a ƙasa da ainihin awonsa, gado, tebur, ƙofa, hanyar wucewa, in sa kujeru a madadin bango, sannan mu shiga mu biyu, ɗaya yana kamar girki ɗaya yana son wucewa bayi. In sai wani ya hau gado kafin ɗayan ya wuce to na soke wannan tsarin, ba ma sai na ɓata mai na je ba.