Shago ko Gidan Haya? Kurakuran da Sabon Shiga Ya Fi Yi a Kano

Kuskuren da ya fi cin sabon shiga harkar sayen gini don ba da haya shi ne yin lissafi da kuɗin haya kaɗai. Dillali zai ce maka shago guda a bakin titi ya fi ɗakuna uku kawo kuɗi, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne wata nawa shagon zai yi a kulle kafin a samu mai kama shi. Tsakanin layin da ake ciniki da wanda ba a yi, wani lokaci taku ashirin ne. Kafin ka biya ko sisi, je ka zauna a wurin da safe da kuma bayan la'asar, ka ƙirga shagunan da ke rufe, ka tambayi mai shayin gefe tun yaushe suke haka. Gidan zama ba kasafai yake daɗewa babu kowa ba, domin kullum ana ɗaura aure, kuma ango ba ya jira.

Sai takarda, kuma a nan nake roƙonka ka natsu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, mai satifiket ɗin fili na gwamnati (C of O) kuwa izinin amfani yake riƙe da shi, galibi na shekara 99, a kan abin da aka rubuta za a yi da filin. Takardar ciniki mai hatimin mai unguwa shaida ce, amma ba ta maye gurbin wannan. Ka kai lambar fayil KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen Kano, a duba maka sunan wa ke kai, kuma filin na zama ne ko na kasuwanci. Mutane da dama na sayen gida su fasa katanga su fitar da shaguna ba tare da izinin hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ba, sai ranar da aka shafa musu jan fenti ido ya raina fata. Wanda ya ga rusau na watan Yunin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya san har asalin filin sai an bincika. In gidan gado ne, kada ka ba da kuɗi sai duk magada sun sa hannu.

Masu zaɓen gidan haya su ma suna da nasu kuskuren. Suna mantawa da yoyon damina, kwashe masai, famfon burtsatse da rigimar kuɗin wuta. Ka sa wa kowane sashe mitarsa, ka riƙa ware wani abu daga hayar kowace shekara don gyara. Kuma ka rubuta yarjejeniya ko da ɗan yayarka ne zai shiga. Kunya ta hana masu gida da yawa karɓar hakkinsu.

Shagon cikin kasuwa yana da haɗarin da ba a son ambata. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 sun tsayar da ciniki, kuma ɗan hayar da kayansa suka salwanta ba shi da abin biya. In inshora ce ba ta kwanta maka ba, akwai takaful, wato inshorar Musulunci.

Ni dai, wanda jarinsa bai wuce na gini ɗaya ba, shawarata ya fara da ƙaramin gida a unguwar da ke da ruwa da hanya. Shago ya bari sai in shi ma ɗan wannan kasuwar ne, ya san layin da 'yan sari ke bi.